Yadda Ake Gane Kalorin Abinci Daga Nauyinsa

Ɗora yankan kankana mai giram 100 a kan sikeli, ka sauke, ka zuba ɗanyar gyaɗa giram 100. Lambar da sikelin zai nuna ɗaya ce. Amma kankanar kalori 30 za ta ba jikinka, gyaɗar kuwa sama da 560, kusan ninki 19 ke nan. Shi ya sa tambayar nan da ake yawan yi, wai giram kaza kalori nawa ne, ba ta da amsa sai an faɗi giram na mene ne, kuma ɗanye ne ko dafaffe. Giram awon nauyi ne, kalori awon kuzarin da abinci ke bayarwa. Lissafin da ke haɗa su ɗan firamare ma zai iya. Inda ake tuntuɓe wuri biyu ne, ruwa da mai, kuma duka biyun a cikin tukunya suke ɓuya. Wanda likita ya ce ya rage ƙiba saboda hawan jini ko ciwon gwiwa, da siririn da ke neman ya yi kumari, da matashin da ke ɗaga ƙarfe, duk hanyar ɗaya ce.

Lambobi uku da za a haddace

Kalorin abinci shi ne wanda ake rubutawa kcal a jikin kwali, wato adadin zafin da zai ƙara wa ruwa kilo 1 ɗumi da digiri 1 a ma'aunin Selsiyos. Masana suna gano shi ne ta hanyar ƙona abinci ƙurmus a cikin wani rufaffen tulun ƙarfe da aka nutsar a ruwa, sannan su auna yadda ruwan ya ɗumama. Sai dai ciki ba ya cinye komai yadda wuta ke yi, wani kaso na fita ta bayan gida da fitsari. Wani masanin sinadarai ɗan Amurka, Wilbur Atwater, shi ya zauna ya yi wannan gyara a ƙarshen ƙarni na 19, kuma lambobin da aka samo daga aikinsa su ake amfani da su har gobe: giram 1 na kabohaidiret, wato sitaci da sukari, kalori 4, giram 1 na furotin, wato sinadarin gina jiki, kalori 4, giram 1 na mai ko kitse, kalori 9. Ruwa da gishiri ba su da ko ɗaya.

Wanda ya riƙe 4 da 4 da 9 ya riga ya san rabin abin da ke cikin kowane jadawalin kalorin abinci. Busasshen hatsi kusan duk sitaci ne da ɗan furotin da ɗan danshi, don haka ba ya nisa da 350 a giram 100. Mai zalla kuwa, 900. Duk abin da ruwa ya yi wa yawa kuma yana can ƙasa.

Kayan aiki

Sikelin kicin na batir, mai nuna giram ɗaya-ɗaya har zuwa kilo 5, da kalkuletar waya, da ɗan littafi. Sikelin kasuwa mai allura, irin na masu kifi da kaji, bai dace ba, domin giram 20 na mai ko motsa allurarsa ba zai yi ba, alhali kalori 180 ne. Idan ka sayo sabo, gwada shi da ledar taliya mai giram 500 wadda ba a buɗe ba. In ya nuna kusa da haka, da 'yan giram na nauyin ledar, to lafiyarsa ƙalau. A ajiye shi a wuri mai tauri kuma shafaffe, ban da kan tabarma ko katifa.

Mudu da tiya da gwangwanin madara ba nauyi suke aunawa ba, cika suke aunawa. Mudun gari da mudun shinkafa ba su zo ɗaya ba, mudun wannan kasuwa ba lalle ya yi daidai da na waccan ba, balle kuma a zo kan maganar tozo. Ba sai an jefar da su ba. A cika gwangwanin gidan yadda aka saba cika shi, a juye a sikeli sau ɗaya, a rubuta: gwangwanin shinkafa giram kaza, na wake giram kaza, na garin masara giram kaza. Daga ranar gwangwanin ya zama ma'auni.

Mataki na farko: auna abin da zai shiga ciki kaɗai

Ɗora kwano wayam, ka danna maɓallin da ke mayar da lamba sifiri, sannan ka zuba abincin. Haka za ka yi ta yi idan abubuwan suna da yawa: zuba ɗaya, rubuta, mayar sifiri, zuba na gaba.

Jadawalin kalori ba ya ƙirga ɓawo da ƙashi da ƙwallo. Ayaba a ɓare ta kafin awo, don ɓawonta ya kai kashi ɗaya cikin uku na nauyinta. Doya a fere. Kaza da kifi da mangwaro kuwa, abin da ya fi sauƙi shi ne a auna kafin ci, a ci, a tattara ƙasusuwa ko ƙwallon a sake aunawa, a ɗebe na biyu daga na farko. Cinyar kaza ta nuna 160, ƙashi ya nuna 45, giram 115 ka ci.

Mataki na biyu: nemo kalorin giram 100 na abin

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da jadawalin abincin Afirka ta Yamma a 2012, sannan wani mai faɗi ya biyo baya mai ɗauke da shekarar 2019. Ana samun su kyauta a intanet, kuma sun fi manhajojin waya da aka tsara don Turawa sanin gero da dawa da kuka. Ma'aikatar Gona ta Amurka ita ma tana da nata rumbun mai suna FoodData Central. Ga waɗanda aka fi buƙata a gidajenmu, duk a giram 100, kuma duk kusan-kusan ne.

Busassun kaya: shinkafa da garin masara da gero da garin kwaki, wajen 360 kowanne, dawa da wake, wajen 340, taliyar leda 370, sukari 400, madarar gari mai maiƙo 500, soyayyar gyaɗa ta haura 580, dabino 280. Man gyaɗa da manja da soyayyen man shanu, 900. Ɗanyun saiwoyi: rogo 160, doya 118, dankalin Hausa 86, dankalin Turawa 77. Burodi 265, ƙwai 143, zuma 300, ayaba 89, mangwaro 60, lemon zaƙi 47. Kayan miya ba su da nauyi a wannan lissafi: tumatir 18, tattasai 30, albasa da attarugu 40, kuɓewa 33, alayyafo 23. Nama ne mai wuyar sha'ani, domin kitse ke yanke masa hukunci. Ɗanyen jan nama marar kitse bai fi 130 zuwa 150 ba, mai kitse yana haura 250. Wanda ya saka 200 a naman miya na yau da kullum bai yi nisa da gaskiya ba.

Mataki na uku: ninkawa

Raba lambar jadawali da 100, ka samu kalorin giram 1, sai ka ninka da nauyin da sikeli ya nuna. Shi ke nan.

A gwada da karin kumallon teburin mai shayi. Madarar gari giram 20 sau 5, kalori 100. Sukari giram 15 sau 4, 60. Burodi giram 120 sau 2.65, 318. Ƙwai biyu, giram 100 ban da ɓawo, 143. Man da aka soya ƙwan da shi, giram 15 sau 9, 135. Jimla 756. Ka lura, ɗan man nan da ba wanda ke kallonsa ya kusa kamo ƙwan biyu.

Abin da ake aunawa da mililita kuma a yi hattara. Ruwa da madarar ruwa da kunu mai ruwa-ruwa, mililita 1 kusan giram 1 ne. Mai ya fi ruwa rashin nauyi, lita 1 wajen giram 920, don haka babban cokali na awo mai mililita 15 yana ɗaukar giram 14, kalori 120 da 'yan kai. Zuma kuwa ta fi ruwa nauyi, lita 1 ta kai kilo 1.4.

Mataki na huɗu: lissafin tukunya

Nan ne gundarin aikin, kuma nan magana ta koma hannun uwargida, tunda ita ta san abin da ya shiga tukunya.

Ɗanyar shinkafa giram 100 tana da kalori 360. Idan ta dahu ta sha ruwa, sai ta koma giram 270 ko 280, kalorin kuma yana nan a 360 ɗinsa, ruwa bai ƙara masa komai ba. Dafaffiya ke nan giram 100 wajen 130 ce. Wanda ya auna farantin dafaffiyar shinkafa giram 400 ya ninka da 3.6 zai ga 1,440, ya tsorata a banza, alhali 520 ne. Wanda kuma ya yi akasin haka, ya saka wa ɗanya lambar dafaffiya, ya yaudari kansa ta ɗaya gefen. Nama hanyarsa daban, ruwa yake zubarwa: ƙirjin kaza marar fata ɗanye 120 ne, gasasshe 165. Kilishi ya fi kowa a wannan, domin an busar da shi an kuma shafe shi da tunkuza, babu yadda za a yi masa lissafin ɗanyen nama.

To lambar dafaffen abinci ta jadawali ma ba abin dogaro ba ce sosai, saboda hannu ya bambanta. Tuwon wani gida yana da tauri, na wani ruwa-ruwa. Mafita ita ce ki fitar da lambar tukunyarki da kanki, kamar haka.

Kafin ki ɗora girki, auna tukunyar wayam, ki rubuta. Auna kowane abu yana ɗanye, ki fitar da kalorinsa, ki tara. Bayan an sauke, ɗora faifai ko ɗan katako a kan sikelin don zafi, mayar da shi sifiri, ki ɗora tukunyar, ki ɗebe nauyinta. Abin da ya rage shi ne nauyin dafaffen abinci. Raba jimlar kalori da wannan nauyi. In tukunyar ta fi ƙarfin sikelin, a juye a kula biyu a auna ɗaya bayan ɗaya.

Misali garau-garau. Shinkafa giram 500 sau 3.6, 1,800. Wake giram 250 sau 3.4, 850. Jimla 2,650. An sauke, abincin ya nuna giram 2,000. Raba 2,650 da 2,000, kowane giram yana da kalori 1.33. Maigida ya ɗebi giram 400, kalori 530 ke nan. Sai ya kawo kwalbar man gyaɗa ya tsiyaya cokali biyu, giram 28, kalori 252. Farantin ya tashi daga 530 zuwa 782, kuma tudun abincin bai ƙaru ba ko kaɗan. Yaji da albasa da tumatir ɗin da aka yanka a kai ba sai an wahalar da kai a kansu ba. Hanyar da ta fi sauƙi wajen kama man zubawa ita ce a ɗora kwalbar a sikeli, a mayar sifiri, a tsiyaya, a maido ta. Lambar da ta fito da alamar ɗebewa ita ce man da ya tafi.

Tuwo ya fi sauƙi. Garin masara giram 600, haɗe da na rude da na tuƙi, sau 3.6, 2,160. In ya ba da malmala 8 masu girma ɗaya, kowace 270. In mara ba ta kwaso daidai ba, sai a koma awo: tuwon duka giram 2,400, kowane giram 0.9, malmala mai giram 350 ta zama 315. Ƙanzon da ya maƙale a gindin tukunya yana cikin lissafin, sai dai rabon wanda ya kankare ne. Shinkafar da aka tafasa aka tace ruwan farko tana zubar da ɗan sitaci, amma bai kai a ɓata lokaci a kansa ba.

Miya ce ke tona asiri. A ɗauki jar miya: tumatir giram 800, kalori 144, tattasai 200, 60, albasa 150, 60, attarugu 50, 20. Kayan miya cike da kwano, sama da kilo guda, duka 284. Mai kuma giram 150, wanda bai cika kofi ba, 1,350. Ya kusa ninka su sau biyar. Jimla 1,634. Miyar ta soyu ta tsotse ta koma giram 1,000, kowane giram 1.63, ludayi mai giram 80 kalori 131. Naman a yi masa lissafi daban, a raba da yawan yanka: rabin kilo sau 2, 1,000, yanka 10, kowane 100. A gauraya miyar kafin a ɗiba, in ba haka ba wanda aka fara zuba wa shi zai kwashe man da ke yawo a sama, lissafi ya karkace. Miyar kuka da ta kuɓewa haka ake yi musu, kuma yawanci suna fitowa ƙasa da jar miya nesa ba kusa ba, sai fa in an malala man shanu a kai. Ta taushe kuwa a tuna da gyaɗar da aka niƙa a ciki.

A ganina wannan mataki shi kaɗai ya isa dalilin sayen sikeli. Mutane da yawa sun yi ta rage tuwo suna kwana da yunwa, alhali ludayin mai ne ya kamata a rage.

Mataki na biyar: suya

Ƙosai da wainar shinkafa da awara da soyayyar doya suna shan mai, kuma ido ba ya iya faɗin nawa suka sha. A auna man kafin a zuba a kasko. Bayan an gama ya huce, a tace a sake aunawa. Bambancin shi ne abin da ya shiga abinci, ban da ɗan abin da ya fantsama ko ya maƙale a kasko da matsami.

Wake giram 300, a auna shi busasshe kafin a jiƙa a surfa, sau 3.4, 1,020. Mai ya shiga giram 700 ya fito 580, an sha 120, kalori 1,080. Jimla 2,100. In ƙullin ya ba da ƙosai 40, kowanne wajen 52. Rabin kalorin ƙosan nan daga kasko ya fito. Waken nan da za a yi alale da shi da mai cokali uku, da jimlar ba ta kai 1,400 ba. Ƙuli-ƙuli shi akasi ne, matse masa mai aka yi kafin a soya, don haka lambar gyaɗa ba ta hau kansa daidai ba.

Mataki na shida: kayan kwali da leda da kwalba

Waɗannan an riga an yi musu lissafi, karatu kawai suke buƙata. Nemi layin da ke ɗauke da kcal ko kJ. Na biyun kilojul ne, wani ma'aunin kuzari, kuma kalori 1 daidai yake da kilojul 4.184. In kJ kaɗai aka rubuta, raba da 4.2. Biskit ya nuna 1,970 kJ a giram 100, kalori 470 ke nan. Kana iya tabbatarwa da lambobin nan uku: in an rubuta furotin 7, kabohaidiret 70, mai 18, to 28 da 280 da 162 sun ba da 470.

Tarkon yana wajen layuka biyu da ake jerawa, ɗaya na giram 100, ɗaya na ci guda yadda kamfani ya ƙiyasta. Ci gudan nasu yakan yi ƙanƙanta. Leda mai giram 75, sun ce ci guda giram 25, kalori 118. Kai kuma ka tashi da ledar duka, ka ci 350. Kullum a duba nauyin da ke gaban leda a ninka da na giram 100. Lemon kwalba mai zaƙi yawanci yana ɗauke da sukari wajen giram 10 a kowane mililita 100, robar santilita 50 ta kai kalori 200. Zoɓo da kunun aya na gida kuwa a koma lissafin tukunya: sukarin da aka zuba, a raba da yawan kofuna.

Abincin waje da na taro

Tsire da gurasa da shinkafar biki ba ka ga shigarsu tukunya ba. Nan sai ƙiyasi. In ka zo da shi gida, auna, ka yi amfani da lambar makamancinsa daga littafinka, ka ƙara cokali guda na mai a lissafi, domin mai sayarwa ba ya rowar abin da ke jawo masa ciniki. Inda ake haɗa hannu a tire ɗaya, ba a kawo sikeli tsakiyar mutane. Wanda ya saba auna nasa a gida, idonsa zai riƙa gane girman giram 300 na shinkafa ko da a tiren jama'a ne.

Kada a ɗauki sakamakon nan kamar lissafin banki. Irin shinkafa ya bambanta, saniya ta bambanta, hatta dokar Amurka ta yarda kalorin da ke cikin kaya ya zarce na jikin kwali da kashi 20 cikin 100. Saboda haka babu amfanin rubuta 782.4, a rubuta 780. Kalori 2,000 a rana da ake gani a jikin kwalaye ma'aunin kwatance ne kawai. Buƙatar mai dako a kasuwa da ta mai zaman ofis ba ɗaya ba ce, haka ta namiji da mace, da ta yaro da tsoho.

Ba kullum za a yi ta awon tukunya ba. Gida ba ya wuce girki goma ko sha biyu da ake juyawa. A yi wa kowanne lissafi sau biyu ko uku, a ɗauki tsaka-tsaki, a rubuta a shafi ɗaya: tuwon masara 0.9, garau-garau 1.3, jar miya 1.6, ƙosai 52 kowanne. Daga nan faranti kaɗai za a riƙa aunawa. Sai an canza mai girki, ko an canza yawan mai, ko an koma wata irin shinkafa, sannan a sake.

Mai ciwon sukari kuma kalori kaɗai bai ishe shi ba, giram ɗin kabohaidiret ne ya fi shafar sukarin jininsa. Hanyar awon ɗaya ce, lambar jadawalin ce ke canzawa: ɗanyar shinkafa tana da kabohaidiret wajen giram 80 a cikin 100, dafaffiya wajen 28, mai kuwa babu ko ɗaya duk da tarin kalorinsa. Shi da mai juna biyu da mai shayarwa da mai ciwon ƙoda, su yi awon su rubuta na mako guda, su kai wa likita ko masanin abinci na asibiti, shi ya faɗa musu nawa za a rage ko a ƙara.